Tattaki da Iyali a Ƙasar Farin Dutse: Ramukan Kalambaina da Kewayen Sakkwato

Yamma da birnin Sakkwato, kimanin kilomita 10 daga tsakiyar gari, a ƙaramar hukumar Wamakko, akwai wata ƙasa da haƙar dutse ta sauya wa kamanni. Nan ne Kalambaina, inda ake fasa dutsen farar ƙasa ana ciyar da masana'antar siminti fiye da shekara 50. Haƙar da ake yi a wurin irin ta buɗaɗɗen rami ce. Ba a kurɗa rami a ƙarƙashin ƙasa, sai dai a yaye ƙasar sama baki ɗaya kamar yadda ake feɗe akuya, a tara ta gefe guda, sannan a bi dutsen da nakiya da katafila. Abin da irin wannan aiki ke bari shi ne faffaɗan kwari mai farin bango, da tuddan ƙasar da aka ture, da tafkuna inda ruwa ya samu wurin kwanciya. A ƙasashe da yawa irin wannan wuri ya zama wajen tattaki da shan iska na iyali bayan an gama aiki an gyara shi. A Sakkwato aikin bai ƙare ba, amma ƙasar da ke kewaye da birnin tana da abin gani da ƙafa tun yanzu, ga wanda ya san inda zai taka da inda zai kauce wa.

Gwamnatin Jihar Arewa ce ta kafa kamfanin siminti na Arewacin Nijeriya a 1962, zamanin Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. Sardauna bai ga buhun farko ba, domin an kashe shi a Janairun 1966, masana'antar kuwa ta fara aiki a 1967 da ƙarfin tan 100,000 a shekara. A 1985 aka ƙara layi na biyu mai tan 500,000. Gwamnati ta sayar da hannun jarinta a 2000, kamfanin ya bi ta hannun masu jari daban-daban har ya zo hannun rukunin BUA na Abdul Samad Rabiu. Daga nan aikin ya bunƙasa da sauri. Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya buɗe sabon layi mai tan miliyan 1.5 a 2018, Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe wani mai tan miliyan 3 a Janairun 2022, wani kuma mai irin wannan girma ya biyo baya a 2024.

Waɗannan alƙaluma su ne ke bayyana girman ramin. Siminti dutse ne da aka gasa. Ana niƙa dutsen farar ƙasa tare da laka, a zuba a wani dogon murhu mai juyawa da zafinsa ke kai wa digiri 1,450, abin da ya fito a sake niƙa shi da ɗan jifsam domin kada ya daskare da wuri a hannun magini. Kowane tan guda na wannan gasasshen dutse yana cin kusan tan ɗaya da rabi na ɗanyen kaya. Shi kuwa dutsen Kalambaina shimfiɗa ce a kwance, kaurinta kamar mita 10 zuwa 20, saboda haka ramin ba ya nutsawa ƙasa sosai kamar na zinariya ko tagulla. Faɗi yake yi, yana cin fili shekara bayan shekara, yana barin wurin da aka gama da shi a baya. Wannan hali nasa yana da muhimmanci ga batun gyara, domin ana iya fara raya ɓangaren da aka ƙare alhali ana ci gaba da aiki a gaba.

Abin da bangon rami ke nunawa

Wanda ya tsaya nesa ya dubi bangon mahaƙa zai ga launuka jere, ɗaya bisa ɗaya. A sama akwai jar marmara da burji, irin wanda ake zubawa a hanya. Ƙarƙashinta akwai laka mai ruwan toka wadda ke ɓarewa falle-falle kamar takarda. Sai kuma farin dutsen kansa, wani wuri fari fat, wani wuri ya ja zuwa rawaya. Masana ilimin duwatsu sun raɗa wa waɗannan shimfiɗu sunayen garuruwan da aka fi ganinsu. Farin dutsen shi ne shimfiɗar Kalambaina, lakar da ke samansa ita ce Gamba, wadda ke ƙarƙashinsa kuma Dange, su ukun ana kiransu rukunin Sakkwato. Ƙarƙashinsu akwai rukunin Rima, wato Taloka da Dukamaje da Wurno, waɗanda suka fi su tsufa. Ɗalibin ilimin duwatsu a Ibadan yana haddace waɗannan sunaye don jarrabawa, yaron da aka haifa a Dange ko Wurno kuwa sau da yawa bai san sunan garinsu ya shiga littattafan duniya ta wannan hanya ba.

Dutsen farar ƙasa a ƙarƙashin ruwa yake samuwa. Shekara miliyan 60 da suka wuce, ko kusa da haka, wani teku marar zurfi ya malale wannan yanki, ya ratsa inda Sahara take a yau, ya haɗa tekun arewa da na kudu. Halittun da ke cikinsa suna mutuwa, kwansonsu yana taruwa a ƙasan ruwa, tsawon zamani ya matse shi ya zama dutse. Shi ya sa idan aka ɗauki gutsuren farin dutse a tafin hannu aka juya shi, sau da yawa akan ga zanen katantanwa a jikinsa, da layukanta a fili kamar jiya aka danna ta cikin laka. Akan samu wata halitta mai kama da ƙaramin ƙosai, da zanen tauraro mai ƙafa biyar a bayanta, wadda ake kira bushiyar teku. A shimfiɗar Dange ana samun haƙoran kifi da ƙasusuwan kada da na kunkuru. A shimfiɗar Dukamaje aka tono ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren ruwa da masana suka fara bayyanawa a 1930, daga baya a 1972 aka sa masa suna Goronyosaurus, wato ƙadangaren Goronyo. Akwai kuma wani tsohon kada da aka sa wa suna Sokotosuchus a 1975. Kwarin wannan teku na dā bai san iyakar ƙasa ba: ya shiga Nijar da Mali da Benin, kuma irin dutsen nan ne ake gasawa a masana'antar siminti ta Malbaza, arewa maso gabas da Birnin Ƙonni.

Babban amfanin fita da yara irin wannan wuri ke nan. Malami zai iya kwana yana gaya wa ɗan aji huɗu cewa Sakkwato ta taɓa zama ƙarƙashin teku, yaron ya rubuta ya manta. Ranar da ya tsinci katantanwar dutse da hannunsa, a wurin da babu ko rafi, ba ya sake mantawa. Gani ya kori ji.

Ramuka iri uku

Ba kowane rami ne ɗaya ba, kuma wajibi ne magidanci ya san bambancinsu kafin ya fita da iyalinsa.

Na farko shi ne mahaƙar kamfani da ake kan aiki a cikinta. Wannan wurin aiki ne, ana tayar da nakiya, manyan tifofi suna kai da kawo, direbansu kuma ba ya ganin ƙaramin yaro a gefen taya. Ba a shiga sai da izini da ɗan rakiya. Ɗaliban jami'o'i, ciki har da na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, sukan je ziyarar karatu ta wannan hanya, kuma ita ce hanyar da ta dace makarantar firamare ko sakandare ta bi: hukumar makaranta ta rubuta takarda, a sa rana, a tsaya inda aka ce a tsaya. Iyalin da suka zo da kansu haƙƙinsu kallo ne daga nesa, daga kan hanyar jama'a.

Na biyu su ne ƙananan ramukan masu haƙa da hannu. A yankin Dange da Shuni, kudu maso gabas da birni kan hanyar Gusau, mutane sun daɗe suna tono jifsam daga cikin laka da diga da shebur, akwai kuma ƙwallayen fosfet da ake yin takin zamani da su. Jifsam abin sha'awa ne ga yaro, domin yana ƙyalli kamar gilashi kuma farce na iya kankare shi. Amma waɗannan ramuka ba su da shinge, bakinsu na zabtarewa, ciyawa kuma takan rufe su bayan damina. Wurin neman abincin wasu ne, saboda haka ba a ɗaukar abin da aka tara sai an tambaya.

Na uku shi ne wanda kowane Bahaushe ya sani, wato kududdufi. Tun kafin siminti, garin Hausa daga ramin da ke gefensa ake gina shi: a haƙi ƙasa a yi tubali, a ɗora ganuwa da soro, ramin ya zama matattarar ruwa. Yau kuma an ƙara da ramukan da tifofi ke ɗibar burji da yashi don hanyoyi da sababbin unguwanni. Su ne suka fi kusa da gidaje, suna kuma cin rayukan yara a ƙasar Hausa, musamman daga Yuli zuwa Satumba.

Lokaci da hanya

Yanayin Sakkwato shi ke yanke lokacin fita. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana yakan wuce digiri 40, farin dutse kuma yana mayar da hasken rana a fuska, don haka bazara ba lokacin tattaki da yara ba ne. Da damina ƙasar na yin kore shar, amma lakar yankin tana da santsi, ramuka sun cika, ba a gane bakinsu. Lokacin da ya fi shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, bayan an kawar da amfanin gona, ƙasa ta bushe, macizai sun rage yawo. A fita bayan sallar asuba da karin kumallo, a dawo kafin ƙarfe goma. Ranar da hazo ya yi kauri a haƙura, musamman idan akwai mai asma a gidan, domin ƙurar hunturu da ta wajen fasa dutse idan suka haɗu ba su yi wa ƙirji daɗi.

Ba dole sai an je bakin mahaƙa ba kafin a ga wannan ƙasa. Birnin da Muhammadu Bello ya kafa a 1809 yana kan tudu ne, yana kallon inda gulbin Rima da na Sakkwato suke haɗuwa. Wanda ya bi hanyar mazaunin jami'a na dindindin ya tsaya wajen gadar Kwalkwalawa zai ga yadda tudu ke gangarowa fadama, da masunta, da masu noman rani suna ban ruwa ga albasa da tumatir. Tafiyar kilomita biyu ko uku a gefen fadama ta isa ga yaro ɗan shekara shida. Arewa da birni, kan hanyar Illela, akwai tafkin Kware, wanda maɓuɓɓugai daga cikin wannan dutsen farar ƙasa ke taimakawa wajen ciyar da shi. Ruwan sama yana shiga tsagogin dutsen, ya yi tafiya a ɓoye, ya ɓullo a can. Yaron da ya ga dutsen a Kalambaina ya kuma ga ruwan a Kware ya fahimci dalilin da ya sa haƙa a wuri guda ke iya taɓa rijiyar wani wuri.

Gabashin jihar kuwa, wajen Goronyo da Rabah da Isa da Sabon Birni, yana fama da 'yan bindiga shekaru da dama. Duk da cewa can ne wasu daga cikin shimfiɗun da suka fi burbushin halittu suke, ba wurin kai iyali yawo ba ne a halin da ake ciki. A tsaya kusa da birni, a fita cikin ayari na gida biyu ko uku, a kuma shaida wa wani inda aka nufa.

Kayan tafiyar ba su da yawa. Ruwan sha ya fi komai, a ɗauki fiye da yadda ake zaton za a sha. Takalmi rufaffe ya fi silifa, saboda ƙarangiya da tsidau da tsinin dutse. Hula ko mayafi, dabino ko ƙuli-ƙuli, da ɗan buhu na zuba abin da yara suka tsinta. A hana yaro cusa hannu ƙarƙashin dutse, nan kunama da kububuwa suke fakewa; idan za a juya dutse, a tura shi da sanda. A nisanci bakin gangare daga sama, a nisanci gindinsa daga ƙasa, domin bangon da aka fasa da nakiya yana iya sakin dutse ba tare da wata alama ba.

Batun ruwa ya cancanci a tsaya a kansa. Ruwan ramin haƙa yana yaudara. Yakan kwanta shuɗi ko kore, tsaf, har ana ganin dutsen gefensa, sai yaro ya ɗauka kamar rafin garinsu ne. Rafi yana da gaɓa mai gangarowa sannu a hankali, rami kuwa taku biyu ne daga idon sawu zuwa inda ya shanye babban mutum, kuma bangonsa ba shi da wurin kamawa. Kwantaccen ruwa kuma gidan ƙananan katantanwa ne masu ɗauke da tsargiya, cutar fitsarin jini, wadda ke shiga ta fata ko da wanka kawai aka yi. Doka ɗaya ce ta isa, a kafa ta tun daga gida: ba wanka, ba wasa a baki, ba bin ƙwallon da ta faɗa.

Akwai kuma ladabin shiga ƙasar mutane. Filin da baƙo ke gani kamar daji, gonar wani ce ko burtalin shanu. Idan an isa ƙauye a fara da gaida dattawan da ke zaune a ƙofar gida, a ce "Salamu alaikum, Baba, sannunku da hutawa", a faɗi abin da ya kawo mutum. In da hali a leƙa wajen maigari. Mutanen wurin su suka san ramin da ya zabtare bara da hanyar da tifa ke bi, kuma sau da yawa sukan haɗa baƙo da saurayin da zai yi masa jagora. Ba a ɗaukar hoton mata ko na masu aiki sai da yardarsu.

Dole a bambanta ramin farar ƙasa da ramin zinariya. Dutsen farar ƙasa ba guba ba ne, illarsa ƙura da haɗarin faɗawa. A Zamfara kuwa, a 2010, gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Duk inda aka haƙi zinariya ko dalma ba a kai yaro, ba a kuma kawo dutsensa gida.

Abin da rami zai iya zama

Misalin da ya fi kama da Kalambaina yana Mombasa, a gaɓar tekun Kenya. Can ma kamfanin siminti ne, Bamburi, ya fasa farin dutse ya bar fili fayau wanda ko ciyawa ba ta fitowa. A 1971 wani masanin aikin gona ɗan Suwizalan mai suna René Haller ya fara gwada dasa itatuwa a cikin ramin. Daga iri 26 da ya gwada, uku ne suka rayu. Ganyen ɗaya daga cikinsu ba ya ruɓewa da wuri, sai ya lura ƙadandoniya tana cin sa, ya tattaro su ya zuba a wurin, kashinsu ya zama ƙasar noma ta farko a kan dutsen. Daga nan sauran itatuwa suka samu wurin kama saiwa. An buɗe wurin ga jama'a a 1984, yanzu ana kiransa Haller Park, akwai raƙuman dawa da dorina da manyan kunkuru, da hanyoyin ƙafa da na keke inda iyalai da 'yan makaranta ke yini. Kamfanin kuma bai daina aiki ba lokacin da aka fara wannan gyara.

Jos ta nuna ɗaya fuskar. Haƙar kuza da Turawan Ingila suka fara a farkon ƙarni na 20, wadda ta ci ƙarfin dubban leburori daga lardunan Arewa, ta bar ɗaruruwan tafkuna a kan tsaunin. Kaɗan, kamar na Rayfield, sun zama wurin shaƙatawa, wasu ana noman rani da su, da yawa kuwa an bar su haka nan suna cin mutane da dabbobi. Ko a Jamus, inda aka mayar da ramukan kwal na yankin Lausitz jerin tafkuna masu hanyoyin keke, an ga cewa ƙasar da aka ture ba ta da amana: a wani yankin na ƙasar, a garin Nachterstedt, gaɓar irin wannan tafki ta zabtare a 2009 ta hallaka mutum uku. Gyaran rami aikin injiniya ne kafin ya zama aikin mai lambu.

Dokar ma'adinai ta Nijeriya ta 2007 ta ɗora wa mai lasisin haƙa nauyin gyara ƙasar da ya haƙa, ta kuma wajabta masa ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da garuruwan da ke maƙwabtaka da shi, wadda ake sake dubawa duk shekara biyar. Nan ne mutanen Wamakko da masarauta da gwamnatin jiha suke da bakin magana. Abin da Sakkwato ke buƙata ba ya da tsada idan aka kwatanta da kuɗin layin siminti guda: a kwantar da gangaren ɓangaren da aka gama, a mayar da ƙasar sama da aka tara, a killace ruwa mai zurfi, a dasa itatuwan da suka saba da wannan ƙasa irin su bagaruwa da aduwa da magarya da kirya, tare da dogon yaro don inuwa. A bar bango guda a tsaye yadda yake, a tsare shi, a kafa allo da Hausa da ajami da Turanci mai bayyana shimfiɗun da shekarunsu. Sashen ilimin duwatsu na jami'a yana da malamai da ɗaliban da za su iya wannan bayani, matasan ƙauyukan da ramin ya ci gonakinsu kuma su suka fi cancanta da aikin jagora da tsaro da renon itatuwa.

Birnin yana faɗaɗa ta wajen yamma, unguwanni suna matsowa kusa da masana'anta, kuma wuraren da iyali za su taka ƙasa su sha iska ba tare da hayaƙin babur ba sun yi kaɗan. Itacen bagaruwa da aka dasa a kan irin wannan ƙasa yana buƙatar shekaru kafin ya yi inuwa. Ya kamata masu ruwa da tsaki su keɓe ɓangaren farko na tsohon ramin Kalambaina su fara dashe a damina mai zuwa.